Dariyar Ƴan Kallo a Barkwancin Tsaye: Nazarin Wasan Dress to Kill na Eddie Izzard

1. Gabatarwa

Idan aka ba ɗalibi rubutaccen wasan barkwanci ya yi nazari, rabin wasan kawai aka ba shi. Ɗaya rabin yana wajen ƴan kallo: inda suka yi dariya, inda suka tafa, inda suka yi tsit, da inda dariyar ta taso sannan ta maƙale. Haka abin yake a kowane irin adabin baka, tun daga tatsuniya har waƙar fada. Amma ya fi fitowa fili a wani wasa da ya shahara a Ingila da Amurka, inda mutum ɗaya zai tsaya a kan dandamali, ba kiɗa ba amshi, ya yi ta magana awa ɗaya ko biyu don ya ba mutane dariya. A nan za a kira shi barkwancin tsaye.

Wannan takarda za ta dubi wasa ɗaya, wato Dress to Kill na Eddie Izzard, wanda mafi yawansa a kan addini da tarihi yake. Manufar ita ce a nuna cewa dariyar mai sauraro tana bin nisan da ke tsakaninsa da abin da ake yi wa ba'a. Wanda abin ya shafa kai tsaye, da wanda yake maƙwabci, da wanda yake can nesa, magana ɗaya suke ji, amma ba dariya ɗaya suke yi ba.

2. Mai wasan da wasansa

An haifi Eddie Izzard a birnin Adan na ƙasar Yaman a 1962, iyayensa Ingilishi ne, kuma a Birtaniya ya tashi. Kafin ya hau dandamali ya yi shekaru yana wasa a titunan Landan, inda mai kallo yake da damar juya baya ya tafi a duk lokacin da ya ga dama. A can ya koyi riƙe taro. Daga 2020 Izzard ya nuna ya fi son a ambace shi da lamirin mace, ko da yake ya ce na namiji ma bai dame shi ba. A nan an yi amfani da lamirin namiji ne saboda da shi aka san shi a lokacin da aka yi wasan.

An ɗauki wasan a birnin San Faransisko a 1998, tashar talabijin ta HBO ta nuna shi a 1999, sannan a 2000 ya sami lambobin yabo biyu na Emmy, ɗaya ta rubutu, ɗaya ta gabatarwa. Sunan wasan kansa harshen damo ne. A Ingilishi yana nufin abin da Bahaushe zai kira shigar kece raini, kuma Izzard ya fito ne da kwalliyar mata da takalmi mai tsini, ya kuma fara da bayanin wannan shiga tasa. Amma kalmar ƙarshe ta sunan tana nufin kisa, kuma kisa yana da babban rabo a wasan: yaƙe-yaƙe, mulkin mallaka, sarakuna masu fille kai, da shugabannin da suka hallaka jama'arsu.

3. Salon wasan

Salon Izzard shirme ne mai ƙa'ida, irin na mafarki. Yakan ɗauko wani babban al'amari na tarihi, ya bar sunaye da wurare yadda suke, sai ya sa manyan mutanen cikinsa su yi magana kamar ƙananan ma'aikata da aiki ya rikice musu. Shi kaɗai yake yin muryoyin duka, yana juyawa dama ya yi tambaya, ya juya hagu ya ba da amsa. Sarki Henri na Takwas yana magana da muryar ɗan fim Sean Connery. Masu jan manyan duwatsun Stonehenge suna ƙorafin nisan hanya kamar leburorin da aka cuta. Ba ya kawo hujja, ba ya yin wa'azi. Abin da yake yi shi ne rage wa babban abu girma har ya zama daidai da na yau da kullum.

Ɗalibin Hausa ba zai ga wannan dabara baƙuwa ba. Ƴan kama suna ɗaukar murya da kari irin na malamai masu karatu, su cika su da zancen tuwo da miya da nama. Dariyar tana fitowa ne daga karon da ake yi tsakanin girman murya da ƙanƙantar abin da ake faɗa. Abin lura shi ne, Izzard ma abinci yake yawan sawa a gurbin abu mai nauyi, kamar yadda za a gani a gaba.

4. Dariya iri huɗu

Wanda ya saurari ƴan kallon San Faransisko da kyau zai iya rarrabe amsa iri huɗu.

4.1 Dariyar abokan wasa

Baƙo ne ya zo daga Ingila ya tsaya gaban Amurkawa. Tun da wuri ya shaida musu cewa shi daga Turai yake, inda tarihi ya fito, yana yi musu ba'a cewa a wajensu gini mai shekara hamsin ma tsohon tarihi ne. Ya tsokane su da labarin baƙin farko da suka tashi daga garin Plymouth na Ingila a 1620 suka sauka a wani wuri mai suna Plymouth, kamar sa'a ce ta kai su. Amurkawan ba su ji haushi ba, dariya suka yi. Dalili shi ne akwai tsohuwar dangantaka tsakanin al'ummun biyu: harshe ɗaya, asali ɗaya ga da yawa daga cikinsu, tsohon faɗa da ya riga ya mutu. Irin wannan ce ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Zabarmawa da Buzaye, al'adar da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin gadon bil'adama da sunan Nijar a 2014. Abokin wasa yana da izinin faɗin abin da bare ba zai faɗa ba. Sharaɗin kawai shi ne ya yarda a rama, kuma Izzard bai jira an rama ba, da kansa ya juya kan ƙasarsa.

4.2 Dariyar ganewa

Mafi shaharar sashen wasan a kan Cocin Ingila yake. Tarihin da aka gina shi a kai gaskiya ne: Sarki Henri na Takwas ya nemi Paparoma ya raba aurensa da Katarina ta Aragon, Paparoma ya ƙi, sai sarkin ya ɓalle daga Roma, dokar 1534 ta mai da shi shugaban cocin ƙasarsa. Ya yi aure shida, ya sa an fille kan biyu daga cikin matan. Izzard ya ɗauki wannan mafari mai jini ya kwatanta shi da cocin da ya sani a ƙuruciyarsa, mai sanyin hali, inda ake rera waƙar yabo kamar ana jin barci, limamin kuma yana ɗauko huɗubarsa daga mujallar kwalliya.

Daga nan sai ya yi tambaya: da a ce wannan coci ce ta gudanar da kotun binciken aƙida irin ta Spaniya, wadda aka kafa a 1478 ta kuma shahara da azabtarwa, yaya za ta kasance? Amsarsa ita ce mai binciken zai ba kowane fursuna zaɓi tsakanin kek da mutuwa. Kowa ya zaɓi kek. Wani ya yi suɓul da baka ya ce mutuwa, ya nemi a bar shi ya canza, aka bar shi. Can sai kek ɗin ya ƙare, domin yanka uku kawai aka tanada, ba a zaci za a yi rububi haka ba. Na ƙarshe da aka bar wa mutuwa kaɗai sai ya ce a ba shi kaza, kamar fasinjan jirgin sama.

Dariyar da ta biyo wannan ta ganewa ce. Yawancin ƴan kallon sun tashi cikin al'adar Kirista, ko suna zuwa coci ko ba sa zuwa. Sun san irin limamin, sun san irin waƙar. Kuma zargin da ake yi wa cocin mai sauƙi ne: ta cika ladabi har ba ta iya mugunta. Mabiyin cocin zai iya yin dariya ba tare da ya ji an taɓa imaninsa ba, har ma ya ji kamar yabo ne a fakaice.

4.3 Dariya mai ɗaci

Akwai inda wasan ya shiga wuri mai duhu. Izzard ya jera Hitila da Sitalin da Pol Pot, wanda mulkinsa a Kambodiya daga 1975 zuwa 1979 ya ci rayuka wajen miliyan 1.7, ya kuma mutu a tsare a gida a watan Afrilun 1998, shekarar da aka ɗauki wasan. Ya lura cewa wanda ya kashe mutum ɗaya ana kai shi kurkuku, amma idan adadin ya kai dubbai ɗaruruwa sai hankalin mutane ya kasa ɗauka, har su kusan yaba wa mai kisan da ƙwazo. Ya ƙara da cewa duniya takan ƙyale shugaban da ke kashe mutanen ƙasarsa, sai ya tsallaka ya taɓa na maƙwabta ake tashi.

Ƴan kallo sun yi dariya a nan ma, amma wadda ake yi wa ba'a ta canza. Ba a yi wa waɗanda aka kashe ba, ba ma a yi wa masu kisan sosai ba. Ana yi wa masu kallo daga nesa ne, wato su kansu mutanen da ke zaune a zauren. Wannan ita ce dariyar da Bahaushe ke cewa ta fi kuka ciwo, kuma a nan ne wasan ya fi ƙarfi, domin shirmen ya kai ga wata gaskiya da jawabi mai tsari zai daɗe bai kai ba.

4.4 Shiru

Izzard yana amfani da shirun ƴan kallo kamar yadda yake amfani da dariyarsu. Ɗabi'arsa ce idan wata magana ba ta kama ba ya yi kamar yana rubutu a tafin hannunsa, yana tuna wa kansa kada ya sake faɗinta. Da haka kasawar kanta ta zama abin dariya. Misali mafi kyau shi ne na mawaƙi Engelbert Humperdinck. Bayan ya gama wasa da wannan suna mai wuyar faɗa, sai ya ɗaure fuska ya ce mawaƙin ya rasu. Zaure ya yi sanyi. Sai ya girgiza kai, alamar wasa yake yi. Aka yi dariya. Sai ya gyaɗa kai, alamar da gaske ne. Haka ya yi ta juya su, kusan ba tare da kalma ba. Mawaƙin yana nan da ransa a lokacin, har ya wakilci Birtaniya a gasar Eurovision a 2012. Abin da wannan sashe ya nuna wa ƴan kallo shi ne yadda suke saurin gaskata duk wanda ya ɗaure fuska ya yi magana. A wasan da ke magana a kan limamai da sarakuna, wannan darasi ba a banza ya zo ba.

5. Me ya sa ba a tayar da ƙura ba?

Kwatanci zai taimaka. A 1979 ƙungiyar Monty Python, wadda Izzard ya ɗauki salonsa daga gare ta, ta fitar da fim ɗin Life of Brian. An hana nuna shi a Ailan da Nowe, ƙananan hukumomi da dama a Birtaniya suka hana ko suka taƙaita shi, aka kuma yi zazzafar muhawara a talabijin ta BBC tsakanin biyu daga cikin masu fim ɗin da bishop na Southwark da marubuci Malcolm Muggeridge. Bayan shekara goma sha tara, Dress to Kill ya taɓa addini ɗaya, a lokacin da dokar saɓo ba ta ma fita daga kundin Ingila ba, domin sai a 2008 aka soke ta. Amma abin da ya samu shi ne lambobin yabo.

Ana iya kawo dalilai uku. Na farko, zamani ya canza, zuwa coci ya ragu ƙwarai a Ingila. Na biyu, ƴan kallon barkwancin tsaye su suka zaɓi kansu: sun sayi tikiti, ko sun biya kuɗin tashar, sun san abin da za su tarar. San Faransisko kuma birni ne da aka sani da sassaucin ra'ayi. Na uku, kuma shi ya fi shafar nazarin adabi, muryar mai wasan ba ta da fushi. Yana magana kamar yaro mai ba da labarin abin da ya ji a lakwal bai gama fahimta ba, yana in'ina, yana mantuwa, yana komawa baya. Wuya ne a yi faɗa da mutumin da tun farko ya mai da kansa abin dariya. Daga baya Izzard ya fito fili ya ce bai yi imani da Ubangiji ba, wasansa na Stripped na 2008 ya ginu a kan haka, a 2013 kuma masu ra'ayin ɗan'adamtaka na jami'ar Harvard suka ba shi lambar yabo. Amma a 1998 wasan ya bar ƙofa a buɗe ga mai imani da marar imani.

6. Abin da ƴan kallo suka tafi da shi gida

Amsar ƴan kallo ba ta ƙare a zaure ba. Zaɓin kek ko mutuwa ya zama karin magana a bakin masu jin Ingilishi, ana buga shi a riguna, har mawaƙin Amurka Lee Hazlewood ya sa wa kundinsa na ƙarshe, na 2006, wannan suna. Mutane da yawa sun fara jin labarin ɓallewar Cocin Ingila ne daga bakin Izzard kafin su gan shi a littafi.

A nan ne aibin wasan yake. Mai sauraro ba shi da hanyar rarrabe tarihin gaske da na ƙarya, domin da murya ɗaya ake ba shi su. Misalin da ya fi dacewa da ɗaliban harshe shi ne na Shugaba Kennedy. A ranar 26 ga Yuni 1963 ya yi jawabi a Balin ta Yamma, ya ce da Jamusanci "Ich bin ein Berliner", wato shi ma ɗan Balin ne. Izzard ya maimaita wani labari da ya daɗe yana yawo, cewa Kennedy ya yi kuskure ya kira kansa wani irin fanke mai zaƙi da ake kira da wannan suna. Masana Jamusanci sun nuna cewa jimlar daidai take, kuma a Balin kanta da wani suna dabam ake kiran fanken. Mutanen da suka taru ranar sun fahimce shi sarai. Amma labarin ya ba da dariya, abin da ya ba da dariya kuwa ya fi zama a ƙwaƙwalwa fiye da gyaran da zai biyo baya. Ba za a ce mai barkwanci ya zama malamin tarihi ba, sai dai mai nazari dole ya lura cewa dariya tana sa mutum ya sauke tsaronsa.

Harshe ya sake fitowa a ƙarshen wasan ta wata fuska. Izzard ya koma Faransanci, yana wasa da jimlolin littafin koyo: ɓera a ƙarƙashin tebur, kyanwa a kan kujera, biri a kan reshe, da wahalar samun inda mutum zai yi amfani da su a Faransa. Amurkawan da da yawansu ba sa jin harshen sun bi shi suna dariya, saboda ya riga ya koya musu kalmomin, jikinsa kuma yana fassara sauran. Duk wanda ya koyi Faransanci a aji zai gane wannan dariya ba tare da bayani ba.

7. Inda dariya ke tsayawa

Akwai masu sauraron da ba su cikin zauren, kuma rashinsu yana da ma'ana. Ɗaya daga cikin sassan da aka fi so shi ne na tuta. Izzard ya ce Ingila ta mallaki ƙasashe ne da dabarar tuta: Bature ya sauka a Indiya ya kafa tuta ya ce ƙasar ta zama ta Ingila, mutanen wurin suka ce ai suna zaune a nan, miliyoyinsu, sai ya tambaye su ko suna da tuta, tun da ba su da ita ba su da ƙasa, bisa dokar da ya ƙirƙiro yanzun nan. Suka ne ga mulkin mallaka, kuma mai kaifi. Amma Ba'amurke da Ba'ingile suna dariyar wautar kakanni ne. Wanda aka kafa wa tutar yana da wani tarihin a kunnensa: tutar da Lugga ya ɗaga a Lakwaja ranar 1 ga Janairu 1900, ko rundunar Voulet da Chanoine da ta ƙone garuruwa a 1899, cikinsu har da Birnin Ƙonni. Zai iya yin dariya, ya ma ji daɗin cewa jikan mai tutar ne yake faɗa, amma ya san ba da tuta kaɗai aka zo ba. Shirmen ya ɓoye bindigar.

Haka kuma sashen addinin bai tsaya kan limamai da sarakuna ba. Akwai inda Izzard ya sa Ubangiji da Annabi Isa cikin wasan, ya ba su murya da zance irin na mutanen gida. A zauren San Faransisko wannan ya wuce kamar sauran. Ga Musulmi, da Kiristoci da yawa a Afirka da ma Amurka, nan ne iyaka. Ƴan kama ma sun san wannan iyaka: suna kwaikwayon malami da muryarsa, ba sa taɓa abin da malamin yake karantawa. Wannan bambanci ba na fahimtar harshe ba ne. Mutum zai iya jin kowace kalma ya gane dabarar, amma ya ƙi dariya, ƙin nasa kuma amsa ce da mai nazari zai rubuta kamar yadda zai rubuta tafi.

8. Kammalawa

Dress to Kill ya yi nasara ne saboda ya sami ƴan kallon da ke daidai nisan da ya dace: kusa da za su gane abin da ake nufi, nesa da ba zai yi musu zafi ba. Ƙwarewar Izzard ita ce sanin wannan nisa da iya matso da shi ko nisanta shi, kamar yadda ya yi a sashen Pol Pot da na Humperdinck. Rauninsa kuma daga nan ya fito, domin tarihin da ya bayar wani lokaci ba daidai ba ne, kuma dariyar ba ta tsallaka kowace iyaka. Saboda haka nazarin barkwanci, na Turai ne ko na Hausa, ba ya cika sai an amsa tambayoyi uku: wa yake magana, a gaban wa, kuma mene ne tsakaninsu da abin da ake yi wa ba'a.

Aikin ɗalibai

1. A halarci wasan ƴan kama ko wani taron raha, a rubuta wurare biyar da aka yi dariya da wuri ɗaya da aka yi shiru, a bayyana dalilin kowane.

2. A kawo misali ɗaya na maganar da abokin wasa zai faɗa a yi dariya, bare ya faɗa a yi faɗa. A nuna abin da ya canza, tun da kalmomin ba su canza ba.

3. A sake ba da labarin tuta da Hausa ga masu sauraro a Birnin Ƙonni. Me za a bari, me za a canza, kuma don me?